Ranar da Aka Rufe wa Galadima Korau Ƙofa

A zamanin Sarki Nomau ɗan Gagare, na sha ɗaya a jerin sarakunan Dargaza, birnin fada biyu gare shi, ko da yake ɗaya ce kaɗai ake busa wa kakaki. Ta farko ita ce ta Sarki, mai soro uku da dogarai a bakin ƙofa. Sarki Nomau ya tsufa, idonsa ya yi hazo, maganarsa ta ragu, har akan yi mako ba a ji ya ce komai ba sai "Mun ji." Saboda haka Galadima Korau ne ke yanke hukunci da bakin Sarki. Shi ke naɗawa, shi ke tuɓewa, duk wanda ya hango farin ingarmansa a kan hanya sai ya raɓe jikin katanga.

Fada ta biyu ba ta da soro. Inuwar wata tsamiya ce a Marina, unguwar masu rini, inda wani dattijo mai suna Jatau ke zama a kan buzu, hannuwansa shuɗɗa har gwiwar hannu. Jatau bai taɓa ɗaura rawanin sarauta ba, ubansa ma marini ne. Amma in mahauta suka yi rikici da majema, wurinsa ake fara zuwa, kuma da wuya maganar ta ƙarasa gaban alƙali. In ayari ya sauka, madugu kan gaida Jatau kafin ya gaida Sarkin Kasuwa. A shekarar fari, da aka garƙame rumbunan fada, shi ya bi masu hatsi gida gida ya sa suka buɗe nasu, unguwa goma sha biyu suka ci suka rayu. Tun daga lokacin maƙera da magina da mahauta ba sa ɗaga hannu a kan babban al'amari sai sun ji ta bakinsa.

Jatau yana da ƙane, Mantau, madugu ne, bakinsa kamar aska. Shekara uku kafin wannan labari Galadima ya ƙwace fadamar cikin birni, wadda talakawa ke noman rani a cikinta tun kaka da kakanni, ya zuba bayinsa. Kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, sai Mantau ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya ce wannan zalunci ne. Ba a rufa wata guda ba aka ce an tsinci wasiƙa a cikin kayansa, wai daga Sarkin Gwabare take, babban abokin gabar Dargaza. Mantau kuwa ko alif bai sani ba. Aka sare kansa a bakin kasuwa, Galadima ya hana a ɗauki gawar har kwana uku don ta zama izina. Kwanakin nan uku Jatau ya yi su a zaune kusa da ita yana korar ungulu da sanda. Da aka ba da izini ya naɗe abin da ya saura a cikin turkudi, baƙin zanen da ya rina da hannunsa, ya kai shi makwanci. Ba wanda ya ga hawayensa. Da Salla ta zo ya je ya faɗi ya gaida Galadima kamar kowa, har mutane suka ce tsufa ya kashe masa zuciya. Shi kaɗai ya san abin da ke dahuwa a cikinsa.

Ana nan, ran wata Lahadi da hantsi, bayan an gama girbi, wani mahayi ya shigo ta Ƙofar Arewa da kibiya a cinyarsa, dokinsa na zubar da kumfa. Bai sauka ba sai a ƙofar fada. Kafin hakimai su gama jin saƙonsa labarin ya isa gindin tsamiya, domin babu gidan hakimin da ba a samun mai kai wa Jatau magana a cikinsa. Sarkin Gwabare ya ƙetare kogi da dawaki dubu biyu da dakaru ba iyaka, kwana biyar ke tsakaninsa da birni. A safiyar nan kuma zumar da ta shekara arba'in a kogon kukar ƙofar fada ta tashi gaba ɗaya ta yi gabas. Masu duba suka buga ƙasa, suka share, suka sake bugawa, suka ce wani babban bango zai faɗi, amma ba su gano ko na ƙasa ne ko na mutum ba.

Da la'asar sanƙira ya zaga da shela. Galadima ya ce Sarki ya ce kowace unguwa ta fito ta gyara rabonta na ganuwa, maƙera su ƙera kibau, masu hatsi su kai fada. Shela na ƙarewa shugabannin sana'a suka fara sulalowa gindin tsamiya. Sarkin Maƙera Barmo ne ya fara magana, wani ƙato mai tabon wuta a damatsa.

"Baba Jatau, ka ji shela. Mu hura wuta?"

Jatau bai daina juya muciya a cikin karofi, ramin rini, ba. Ya ce, "Ni marini ne, Barmo. Me na sani a kan kibiya? Wanda ya sa aka yi shela shi ya san yadda zai yi."

Barmo ya dubi Sarkin Pawa, Sarkin Pawa ya dubi ƙasa, suka yi sallama suka tafi. Washegari maƙera suka ce gawayi ya ƙare. Magina suka ce ƙasar ba ta jiƙu ba. Masu hatsi suka ce jakuna na ƙauye. Ba wanda ya ce ba zai yi ba. Dogarai suka tsula wa mutum goma bulala, suka ɗaure biyar, amma har rana ta faɗi ko tubali ɗaya bai hau ganuwa ba.

Ran Talata da safe Sallama, babban bawan Sarki mai isar da saƙon fada, ya zo Marina da kansa. Ya tsaya nesa kaɗan don kada ruwan baban rini ya taɓa rigarsa.

"Jatau, Sarki na kira."

"Sarki, ko Galadima?"

Sallama ya ce, "Wannan karon Sarki ne. Da bakinsa ya ambaci sunanka."

Jatau ya wanke hannu, ko da yake ruwa bai taɓa raba shi da shuɗin nan ba, ya zura riga ya bi shi.

Ya tarar da majalisa ta cika, ana kuma tsakiyar gardama. Ya faɗi ya yi gaisuwa, dogarai suka amsa, aka nuna masa wuri can kusa da takalma. Sarki na kishingiɗe a kan gado, idonsa a lumshe. Madawaki Dangali, shugaban mayaƙan Sarki, wanda ya ga yaƙi tara, shi ke magana.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Ganuwa ta tsage wuri uku. Kibau da ke ɗakin makamai ba za su kai mu azahar ba. Dawakinmu ɗari shida ne, nasu dubu biyu. Shawarata a toshe tsagar nan, a rufe ƙofofi, a bar rana da ƙishirwa su yi mana rabin aikin. Ba tsoro ke magana ba. Na binne isassun jarumai da suka raina yawan abokan gaba."

Galadima Korau ya gyara zama. Dogo ne, kyakkyawa, muryarsa na cika soro ba tare da ya ɗaga ta ba.

"Allah ya ba ka nasara, Zaki. Kakanninka ba su gina Dargaza don jikokinsu su ɓuya a cikinta kamar gafiya a rami ba. Gagare mahaifinka a fili ya tari Gwabarawa, a fili ya kore su. In muka rufe ƙofa yau, gobe duk garuruwan da ke kawo mana gaisuwa za su ce Dargaza ta tsufa tare da Sarkinta. Amfanin gona na waje, an tara ba a shigo da shi ba. Mu tsaya a kan ganuwa muna kallo a ƙone shi? Madawaki ya ga yaƙi tara, mun sani. Watakila na goman ne ba ya son gani."

Jatau ya sunkuyar da kai. Ya san abin da Galadima bai faɗa ba. Rumbunansa da garken shanunsa da ƙauyen bayinsa duk a arewa suke, daidai kan hanyar Gwabarawa.

Galadima ya juyo gare shi. "Ga kuma wanda ake cewa gari na hannunsa. Jatau, an yi shela da sunan Sarki, kwana biyu ke nan ba a ji ƙarar maƙera ba. An ce ana jiran ka yi tari. Faɗa wa majalisa, tun yaushe aka naɗa marini a kan Dargaza?"

Jatau ya sake faɗuwa.  Shekara uku yana jiran ƙofa, ga shi mutumin da kansa ya buɗe ta.

"Allah ya ba Sarki nasara. Ranka ya daɗe Galadima, ni ba kowa ba ne. Talakawa kamar tumaki suke, in sun ga makiyaya na gardama sai su tsaya cik. Sun ji ana cewa a fita, sun ji ana cewa a zauna, shi ya sa hannunsu ya mutu. Amma in za a yarda bawa ya sa baki, maganar Galadima ita ce maganar maza. In gari ya ji cewa Galadima da kansa, ƙashin bayan birni, zai hau ya tari Gwabarawa a filin Ƙofar Arewa, wallahi ko kuturu zai nemi baka. Shi ya ja su da barada zuwa gindin ganuwa. Mu kuma talakawa, maharba da mahauta da maƙera, mu taru a bayan Ƙofar Gabas, in sun shagala da shi mu fito mu faɗa musu ta haƙarƙari. Zan kawo mutum dubu uku. Kibau kuwa, a ba ni kwana biyu."

 Madawaki ya shafa gemu, ya ce dabarar ba ta da laifi in an cika alkawari. Galadima ya daɗe yana kallon Jatau. Ba wawa ba ne, ya ji ƙanshin wani abu. Amma shi ya ce a fita, shi ya yi wa Madawaki gorin tsoro a gaban Sarki, yanzu ba shi da bakin cewa wani ya hau a madadinsa.

Ya ce, "Ya rantse."

Liman ya kawo Alƙur'ani. Jatau ya yi alwala, ya ɗora hannu. "Na rantse da wannan Littafi, ranar yaƙi mutanen gari za su fita ta Ƙofar Gabas, ba kuwa za su dawo ba sai an kori Gwabarawa."

Madawaki ya tsara sauran. In Galadima ya jawo abokan gaba, makaɗinsa zai buga gangar yaƙi sau uku, sai a buɗe Ƙofar Gabas. In abin ya yi tsanani, Ƙofar Arewa na nan a bayansa. Duk aka dubi gado. Sarki bai buɗe ido ba. Ya ce, "Mun ji."

A soron waje Galadima ya tsayar da Jatau, ya sallami fadawansa da hannu.

"Tsoho, kana tuna Mantau?"

"Wanda ya mutu ya mutu, ranka ya daɗe. Mu da muka saura muna neman inuwar da za mu fake."

"Ka yi hankali. Bakin kasuwa na nan inda ka san shi."

"Na san wurin, ranka ya daɗe. Na taɓa kwana uku a can."

Kafin azahar birni ya ɗauka. Maƙeru arba'in suka kama wuta lokaci guda, gawayin da aka ce ya ƙare ya fito buhu buhu. Mata na jan ruwa, magina na cuɗa ƙasa, makaɗa na yi musu kiɗan gayya. Jakunan da aka ce suna ƙauye suka cika hanyar fada da dawa. Hakimai suka tsaya a ƙofofin gidajensu suna kallo, kowa na tuna cewa shelar Sarki da bulalar dogarai sun kasa abin da kalma ɗaya daga gindin tsamiya ta yi.

Ran Alhamis da la'asar Jatau ya tafi Ƙofar Arewa, ya sami Sarkin Ƙofa Cindo yana duba gagara badau, gungumen da ake tokare ƙyaure da shi. Cindo ɗan ayari ne a da. Wata shekara ƙishirwa ta kayar da shi a hanyar Azbin, ayari ya wuce ya bar shi, Mantau ne ya koma baya tafiyar yini ya ɗauko shi a kan raƙuminsa.

Jatau ya ce, "Gobe in Galadima ya fita, ka rufe. Kada ka buɗe sai na ce."

Cindo ya bar abin da yake yi. "Yaya Jatau, ƙofar nan ta Sarki ce. An ce in bar ta a shirye saboda barada."

"Na sani. Ran da aka yanka Mantau kana ina?"

"Ina nan. A bakin ƙofar nan."

"Ka ji, ka kuwa zauna. Ban taɓa yi maka gori ba, yau ma ba gori na zo yi ba. Tambaya na zo yi."

 Cindo ya ce, "In an tambaye ni, zan ce na ji tsoron kada Gwabarawa su shigo tare da su."

"Ba wanda zai tambaye ka. Ina nan."

Ran Juma'a, rana na fitowa, masu tsaron ganuwa suka hango mashi na ƙyalli daga gabas har yamma. Gwabarawa sun iso. Galadima Korau ya fito cikin sulke da kwalkwali, barada ɗari biyar a bayansa, masu lifidi a gaba. Maroƙa na yi masa kirari, mata na guɗa a kan katangu. Ko Jatau, da ke tsaye a kan ganuwa bisa ƙofar, sai da ya yarda a ransa cewa mutumin ya dace da doki. Na ƙarshensu na fita Cindo ya sa aka tura ƙyaure, aka saka gagara badau.

Jatau ya riga ya gaya wa Sarkin Pawa da Barmo, waɗanda ke riƙe da mutanen gari a Ƙofar Gabas, cewa ganga na iya ruɗarwa cikin hayaniyar yaƙi. Kada su motsa sai sun ga an ɗaga baƙin turkudi a kan gora daga Ƙofar Arewa. Gorar na jingine kusa da shi, marina ashirin na tsaye a bayansa da muciyoyi da adduna.

Galadima ya yi abin da ya ce zai yi. Ya kutsa cikin sahun farko na Gwabarawa kamar wuta a busasshiyar ciyawa, ya tarwatsa shi, ya juya kamar mai gudu. Suka biyo shi da dukkan ƙarfinsu, dawaki da dakaru, har suka cika filin da ke tsakanin ganuwa da dausayi. Haƙarƙarinsu ya buɗe ta gabas yadda aka so. Ganga ta tashi. Ɗaya, biyu, uku.

Jatau bai taɓa gorar ba.

Barada suka juya suka tsaya, suna jiran ihun mutanen gari. Ba su ji komai ba. Ganga ta sake tashi sau uku. Gwabarawa suka rufe su ta gefe uku, masu lifidi suka fara faɗuwa, dawakai na birgima da mahayansu. A cikin masu faɗuwar Jatau ya gane wani barde a kan jan doki. Ango ne, babban ɗan Barmo, wanda ya shiga baradan Galadima bara, wanda Jatau ya ci goron sunansa. Ya ga mashi ya shige shi ta ƙarƙashin hammata. Hannun Jatau ya kai kan gorar, ya tsaya. Ya tuna ungulun nan da suka ƙi tashi ko ya kai musu sanda. Ya janye hannunsa.

Madawaki Dangali ya iso a sukwane ta cikin gari, ya hau matakala da takobi tsirara.

"Jatau, me kake jira? Sau uku na ba da umarni a Ƙofar Gabas, Sarkin Pawa ya ce sai ya ga tutarka. Ni Madawakin Dargaza, mahauci ke gaya wa haka. Ɗaga ta."

"Lokaci bai yi ba, ranka ya daɗe."

"Ka rantse da Littafi."

"Na rantse za su fita. Za su kuwa fita."

Madawaki ya gane. Ya leƙa ƙasa ya daka wa Cindo tsawa ya buɗe ƙofa da sunan Sarki. Cindo bai taɓa ƙyauren ba. Madawaki ya juyo da takobi, marina ashirin suka matso suka tsaya tsakaninsa da tsohon. Mayaƙansa na warwatse a kan ganuwa, wurin tsagar da aka toshe. Ya dubi marinan ɗaya bayan ɗaya, ya sauke hannu.

A ƙasa, abin da ya rage na barada, ba su kai ɗari ba, suka ja da baya har gindin ƙofa. Suka buga ƙyaure da gindin mashi. Galadima ya ɗaga kai, kwalkwalinsa ya faɗi, jini ya rufe masa ido ɗaya. Ya ga wanda ke tsaye a sama.

"Jatau. Buɗe wa mutanen nan. Ba su yi maka komai ba."

Jatau ya sunkuyo don ya ji shi sosai. "Mantau ma bai yi maka komai ba, Korau. Ko alif bai sani ba, ka ce ya karɓi wasiƙa. Kwana uku ya yi a rana. Kai ko azahar ba ka kai ba."

Tun da aka naɗa Korau Galadima ba wanda ya kira shi da sunansa tsirara. Jatau ya so ya ga ya roƙa, shekara uku yana sauraron wannan roƙon a cikin kansa. Galadima bai roƙa ba. Ya tofar da jini, ya ce, "Da na sani, da ku biyun na yanka." Ya juya farin ingarmansa, ya kira sauran baradan da sunayensu, suka koma cikin Gwabarawa. Jatau ya bi farin dokin da ido har ya daina ganinsa. Da ya ga wani Bagwabare ya ɗaga jar alkyabbar Galadima a kan mashi, sannan ya ɗauki gorar ya ɗaga.

Ƙofar Gabas ta buɗe. Rana ta take tsaka, Gwabarawa sun gaji, da yawansu sun sauka suna tuɓe sulken matattu, sun ɗauka yaƙi ya ƙare. Kibau suka sauko musu kamar ruwan ƙanƙara. Bayan maharba sai mahauta da wuƙaƙe, maƙera da guduma, manoma da gatura, mutum dubu uku da ba su gaji ba. Madawaki ya tattara dawaki ɗarin da suka saura a gari ya bi bayansu. Gwabarawa suka ja da baya suka faɗa dausayi, dawakinsu suka kafe a taɓo. Kafin la'asar Sarkin Gwabare ya tsere da ƙyar, ya bar tamburansa da laimarsa.

Jatau ya sauko daga ganuwa. Ya zaci zai ji sanyi a ransa, ya kuwa ji, sai dai bai kai yadda ya yi tsammani ba. A bakin ƙofa ya haɗu da Barmo, ɗauke da gawar Ango a kafaɗa. Barmo ya tsaya.

"Baba Jatau, mun ji ganga. Sau shida muka ji ta. Na ce wa mutane su jira ka, domin ba ka taɓa kai mu ga kuskure ba."

Jatau ya buɗe baki, Barmo ya wuce.

Washegari da hantsi Sallama ya sake zuwa. Wannan karon gari ne ya rako Jatau, ana kiɗa ana guɗa, domin talakawa ba su san komai ba sai cewa ya cece su, kuma wanda ya ƙwace musu fadama ya mutu. Filin ƙofar fada ya cika maƙil. Abin da ba a gani ba shekara biyar, an fito da gadon Sarki waje. Sarki Nomau na zaune sosai, idonsa a buɗe. Ya yi magana, sanƙira na ɗaga ta ga jama'a.

"Jatau ɗan Marina ya yi wa Dargaza abin da hakimai suka kasa. Ba ya kyautuwa irin wannan mutum ya zauna ba rawani. Mun ba shi sarautar Ruwan Baƙi, garinmu na bakin kogi, shi da zuriyarsa. Yau zai tashi."

Fili ya ɗauki guɗa. Jatau kuwa ya san abin da aka ba shi. Ruwan Baƙi tafiyar kwana biyar ce daga birni, Gwabarawa sun ƙone ta ƙurmus a kan hanyarsu, kuma duk ran da suka dawo ɗaukar fansa ita za su fara taka. Ya faɗi ya ce shi tsoho ne, marini ne, bai iya sarauta ba. Sarki ya yi masa alama ya matso, har kunnensa ya kusa taɓa bakin Sarki.

"Idona ne ya mutu, Jatau, kunnena na nan. Na ji rantsuwarka, na ji abin da ka bari a cikinta. Korau ya yi mini girma, ba ni da hannun da zan cire shi, sai na bar ka. Amma barada ɗari biyar nawa ne, ba na Korau ba. Birni ɗaya ba ya ɗaukar sarki biyu. Korau ya ɗauka shi ne na biyun. Ni na daɗe da sanin kai ne. In na kashe ka gari zai tashi. To ga su nan, su za su raka ka da kiɗa. Ka ce musu ba ka so, in ka iya."

Jatau ya waiga. Dubban fuskoki na yi masa dariya, mata na ɗaga 'ya'yansu su gan shi. Ya nemi Barmo, ya hango shi tsaye a bayan Madawaki, maƙera duka na tare da shi. Sarkin Pawa kuwa ya ƙi yarda su haɗa ido.

Fadawa suka kama shi da ladabi suka zaunar, suka zura masa alkyabba, suka fara naɗi. Ta gefen soro ya ga dogarai huɗu sun fito da Cindo, hannuwansa ɗaure ta baya, sun nufi bakin kasuwa da shi. Cindo na ta waige cikin taron yana neman wanda ya ce masa yana nan. Jatau ya yunƙura zai yi magana, mai naɗi ya ja amawali ya rufe masa baki, aka busa kakaki.